Daga Guri Zuwa Makarantar Jinya: Abin Yi Idan Sakamako Ya Yi Rauni

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, akwai gidajen da kan yi tsit a Guri da Kadira da Musari da Abunabo. Yarinyar da tun tana ƙaramar sakandare take cewa ita nas za ta zama ta dawo daga shagon intanet da takarda a hannu: Bayoloji B3, Kemistiri C5, Lissafi C6, amma Turanci D7, Fiziks kuwa F9. Kafin mako ya zagayo an gama yanke hukunci a tsakar gida. Wasu su ce ba rabonta ba ne, a koma maganar aure. Wasu su ce a nemo wanda ya san wani a Dutse. Duka biyun gaggawa ce. Irin wannan takarda tana gyaruwa, kuma gyaran bai cika wuce shekara guda ba ga wadda ta san inda za ta sa hannu.

Da ke nake, ƙanwata. Kai ma ƙanena kada ka ga kamar an ware ka, domin duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a ɗakin maza na babban asibitin Haɗeja ya san aikin nan ba na mata kaɗai ba ne. Ungozomanci ne aka fi bar wa mata a ƙasarmu.

Kiredit biyar, zama biyu

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Najeriya, NMCN, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke da wuƙa da nama a wannan harka. Ita ke amincewa da makaranta, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. Sharaɗinta ga mai son zama cikakkiyar nas ko cikakkiyar ungozoma shi ne kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kiredit kuwa daga A1 yake zuwa C6. D7 da E8 wucewa ce kawai, ba a ƙirga su a nan. A1 ɗin da kika samu a Hausa da B2 ɗin Addinin Musulunci abin alfahari ne, amma ko kusa ba sa maye gurbin Fiziks.

Ga dalilin da ya sa sanayya ba ta da amfani a wannan gaɓar. A ce wani babba ya yi miki hanya, sunanki ya fito, kin ɗinka farin kaya, an yi ta barka a unguwa. Bayan 'yan watanni makaranta za ta aika sunayen ɗalibanta da sakamakonsu zuwa hukumar domin a yi musu rajista, abin da ɗalibai ke kira indeksin. A nan ake tantance takardu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta samu lambar nan ba, ba za ta zana jarrabawar hukuma ba, wadda ba ta zana ba kuwa ba ta da lasisi ko da ta shekara nawa a aji. Babban da ya shigar da ita ba ya nan ranar da za a ce ta tattara kayanta.

Maganar zama biyu tana da lissafin da mutane da yawa ke kuskurewa, don haka bari in tsaya a kanta. Kina iya haɗa WAEC da NECO, ko NECO ta bana da ta bara. Kowace takardar sakamako zama guda ce. Idan zama ɗaya kika taɓa yi, abin da sauƙi: ki sake zana darussan da suka ƙi, ki haɗa. Matsalar tana ga wadda ta riga ta yi zama biyu. A ce takardar farko ta ba ki Turanci, Lissafi da Bayoloji, ta biyu ta ba ki Kemistiri, saura Fiziks. Idan kika koma kika ci Fiziks kaɗai, kin tara kiredit biyar amma a takarda uku, kuma ba za a karɓa ba. Abin yi shi ne ki zaɓi takardar da ta fi ƙarfi, wato ta farko, ki manta da ta biyu, ki shirya wa Kemistiri da Fiziks tare a zama na uku. Ki ɗauki biro ki yi wannan lissafin kafin ki biya ko sisi. Ki kuma sani wasu jami'o'i zama ɗaya tak suke karɓa a kwas ɗin jinya, kuma kowace sanarwar ɗaukar ɗalibai tana faɗin irin jarrabawar da makarantar ke amsa. Mai takardar NABTEB ko ta NBAIS ta karanta wannan layin sau biyu.

Yaushe za a sake zanawa

NECO tana da jarrabawar masu zaman kansu a watannin Nuwamba da Disamba. WAEC tana da guda biyu, ɗaya a ƙarshen shekara, ɗaya a Janairu zuwa Fabrairu, kuma tun 2024 ta fara amfani da kwamfuta a ta farkon shekarar. Akwai kuma hanyar komawa wata makaranta a yi rajista tare da 'yan aji shida, a zana WAEC a Mayu da Yuni ko NECO a Yuni da Yuli. Ni dai ta ƙarshen shekara nake ba da shawara, saboda sakamakonta kan fito a farkon sabuwar shekara, tun kafin makarantu su fara raba gurbi, ga shi JAMB ta yarda a yi rajista a matsayin mai jiran sakamako. Ta haka shekara ɗaya ce za ta tafi, ba biyu ba.

Sai dai kalandar masu jarrabawa ba ta san fadamar Haɗeja ba. Rajistar takan faɗo a ƙarshen damina, lokacin da kuɗin gida duk yana cikin gona, kogi ya cika, wani ƙauyen ma sai da kwale-kwale ake fita. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san abin da nake nufi. Jarrabawar kanta kuma tana cin karo da yankan shinkafa da shirin noman rani, sa'ad da ake bukatar kowane hannu a gida. Saboda haka kuɗin rajista tun daga amfanin rani ake ware shi, ba a jira sai an buɗe. Cibiyoyin wannan jarrabawa a manyan garuruwa suke, ki duba mafi kusa lokacin rajista, a kuma shirya gidan ɗan'uwan da za ki sauka tun da wuri. Mai tasowa daga ƙauye da asuba don ta riski takardar ƙarfe tara ta riga ta zubar da rabin makinta a hanya.

Wajen karatun, ki yi kamar masunci da komarsa ta yage: ba ya sake saƙa sabuwa, inda kifi ke zurarewa yake nema ya ɗinke. Fiziks da Turanci su ne suka fi kayar da 'ya'yanmu, kuma ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Makarantun karkara da yawa ba su da tsayayyen malamin Fiziks, ɗakin gwaji kuwa sai dai a ji labarinsa. Ba kowa ya samu shiga sakandaren kimiyya ta Kafin Hausa ko Lautai, ko ta 'yan mata ta Jahun ko Taura ba.

A nan jarrabawar masu zaman kansu tana da wata rahama. Ba a ba ki kayan gwaji a hannu. A takarda ake zana gwajin, ki karanta awo daga hoto, ki cike jadawali, ki zana giraf, ki fitar da gangarensa. Wannan abu ne da ake koya a kan tabarma da rula da fensir da takardar giraf. Makin da ke cikinsa yana da yawa, kuma tsarin tambayoyin bai cika sauyawa ba. Ki nemi tambayoyin shekaru goma da suka wuce ki bi su ɗaya ɗaya, da littafin Anyakoha na Fiziks da na Ababio na Kemistiri a gefe. Idan akwai ɗan bautar ƙasa ko wani ɗalibin jami'a da ya dawo hutu, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauke shi lesin, kuɗin ya rabu.

Turanci kuma ba a haddace shi. A WAEC za a nemi ki rubuta wasiƙa ko muƙala ta kimanin kalma 450, ki amsa tambayoyi kan wani nassi, ki taƙaita wani, ga tambayoyin zaɓi, ga na furuci. Wurin taƙaitawa ne ake yawan asara, domin ɗalibi kan kwafo jimlar nassin yadda take, mai duba takarda kuma ya rage masa maki. Ki riƙa rubuta wasiƙa ɗaya duk kwana biyu, ki kai wa wanda zai yi mata jan biro ba tare da jin nauyinki ba. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta kyauta, inda suke faɗin kurakuran da ɗalibai suka tafka a kowace tambaya. Kaɗan ne ke karanta shi, alhali ya fi lesin da yawa amfani.

Za a zo miki da maganar makarantun nan da ake kira mirakul, inda ake biya a rubuta amsa a allo. Ki bar su. Sau da yawa hukumar jarrabawa kan riƙe sakamakon cibiya gaba ɗaya, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. Idan ma an tsira, kiredit ɗin da ba naki ba zai tona kansa a wata shidan farko na makarantar jinya, kamar yadda za mu gani.

JAMB da zaɓen ƙofa

A da, makarantar jinya shekara uku ce, ana sayen fom a makarantar, a zana jarrabawarta, shi ke nan. Yanzu yawancinsu sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba, shekara biyu-biyu a jere, bisa haɗin gwiwar NMCN da hukumar ilimin fasaha ta NBTE, kuma ta JAMB ake shiga. A cikin shekarun huɗu ne ake zana jarrabawar zama nas mai rajista. Digirin jinya a jami'a kuwa shekara biyar ne, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki.

Rajistar JAMB da lambar NIN take farawa, a tura ta zuwa 55019 ko 66019. Ki yi da layinki na kanki, ba na yayanki ko na mai shago ba, kuma ki riƙe layin nan da kyau, domin duk wani saƙo har zuwa ranar da za a ba ki gurbi ta cikinsa zai biyo. A cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake rajista. Darussanki Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ki karanta abin da aka cike a kwamfuta da idonki kafin a tura, don an sha sa wa mutum Lissafi a gurbin Fiziks, ya ci maki mai kyau ya rasa gurbi. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran, jimillar maki 400. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ki bar ko tambaya ɗaya babu amsa. Akwai littafin labari da JAMB ke sanyawa, ana kuma sauya shi lokaci zuwa lokaci. Ki karanta shi, makinsa mai arha ne. Idan ba ki taɓa zama gaban kwamfuta ba, ki shiga jarrabawar gwaji da ake yi kafin ta gaske. Haruffa kaɗan ne ake dannawa, A zuwa D don amsa, N don gaba, P don baya, amma wadda hannunta ke rawa minti ashirin na farko a tsoro yake ƙarewa.

Kada makinki ya karya miki gwiwa kafin ki san inda sauran suke. A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu, fiye da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. A shekarar, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi 150 ne ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin ilimi da na fasaha. Kowace makaranta tana da damar ɗaga nata sama da haka, ba ta da damar saukar da shi, kuma ana sake zama a kansa duk shekara.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi ba ni takaici. Yarinya mai maki 175 ta sa digirin jinya a Jami'ar Bayero a zaɓin farko, ta zauna jira har shekara ta fita. Jinya na cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi a kowace jami'a, masu maki sama da 200 nesa ba kusa ba ma suna rasawa. Wannan makin nata kuwa da ta kai shi kwaleji, da ta shiga sahun da za a duba. Kwalejin jinya ta Jihar Jigawa tana Birnin Kudu, tana da rassa a Haɗeja da Babura, kuma 'yar Guri tana da haƙƙi a cikinta kamar 'yar kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27. Ga mai raunin maki, nan ce ƙofar farko. Makarantu kan fifita wanda ya sa su a zaɓin farko, don haka idan sakamako ya fito kika ga bai kai na jami'a ba, ki je cibiya ki sauya makaranta nan take, kada ki jira a rufe.

Makarantun jihohi 'yan jiharsu suke fara dubawa, saboda haka kwalejin Shehu Sule ta Damaturu ko na Kano ba za su zo miki da sauƙi kamar na gida ba, duk da kusancinmu da Yobe. Na tarayya kuwa, irin ta asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ƙofarsu a buɗe take ga kowa. A jami'o'in tarayya tsarin rabon gurbi shi ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, kuma Jigawa na cikinsu. Gurabe ma sun ƙaru: Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa an ɗaga adadin ɗaliban jinya da ake ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000, daga baya aka sake ƙarawa.

Abu biyu ƙanana da ke cinye gurbin mutane. Na farko, mai jiran sakamako ta manta ba ta ɗora sabon sakamakonta a shafin JAMB ba. Makaranta ba za ta iya ba ta gurbi ba ko tana so. Na biyu, an ba ta gurbi a manhajar CAPS ba ta shiga ta karɓa ba. Duk wani admishan da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da zamansa ba.

Bayan JAMB kwaleji kan yi tata tantancewar, wani lokaci da jarrabawa, wani lokaci har da intabiyu. Darussan nan biyar ne dai za su dawo. A intabiyu da Turanci za a tambaye ki, ki amsa a taƙaice, da muryar da za a ji. Ki san sunan gwamnanki da kwamishinan lafiya, ki san cututtukan da ke damun garinku, zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa bayan ambaliya, tsargiya a wajen yaran da ke wanka a fadama. Wadda ta iya bayanin abin da ta gani da idonta ta fi wadda ta haddace cewa tana son taimakon al'umma.

Mai NCE ko difloma mai rauni

Akwai wani rukunin: wanda ya gama Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja da sakamako na ƙasa-ƙasa, ko ma digiri mai daraja ta uku, yanzu ya ga jinya yake so. Shiga jami'a kai tsaye a aji biyu da irin wannan takarda da wuya, domin jami'o'i sakamako mai ƙarfi suke nema, kuma a fannin da ya danganci lafiya. Amma kwalejin jinya ba makin NCE ɗinka take aunawa ba. Kiredit biyar ɗinka da makin JAMB take kallo. Ka sauke girman kai ka sake zana JAMB tare da ƙannenka, ka faɗi gaskiya game da karatunka na baya duk inda aka tambaya, ka kuma duba ko sanarwar makarantar ta sa iyakar shekaru. Wanda ya zama nas mai rajista yana iya ɗora digiri daga baya, ta shiga kai tsaye a jami'a ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, wadda masu lasisi kaɗai take ɗauka a wannan kwas. Karatun share fage irin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, hanya ce ta tsallake jarrabawar JAMB zuwa aji biyu, amma ba ya yafe kiredit biyar, kuma makin da ake nema a jinya yana da tsauri. Akwai kwalejin share fage ta jiha a Babura ga mai son bin wannan hanya.

An taɓa gwadawa, kuma ya yi

Masu cewa wadda ta faɗi sau ɗaya ba za ta iya ba, tarihin jihar nan ya ƙaryata su. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da shirin Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. Matsalar da ya tarar ita ce asibitocin karkara ba su da ma'aikata mata, miji ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa, 'yar birni kuma idan aka turo ta ƙauye ba ta zama. Sai aka koma ƙauyukan aka ce su fitar da 'ya'yansu, har da matan aure masu goyo. Wadda kiredit ɗinta bai cika ba a ba ta wata tara na karatun cike giɓi ta sake zana jarrabawa, wadda ta cika a ba ta wata uku na shirin shiga makaranta. An tanadi masauki da masu raino, ita kuma ta yi alkawarin komawa garinsu ta yi aiki. Da yawa daga cikinsu sun zama nas da ungozomomi. Abin da shirin ya ba su malami ne, da wurin kwana, da watanni na nutsuwa. Bai rage ko kiredit ɗaya daga sharaɗin ba. Ki leƙa sashen lafiya na sakatariyar Guri ki tambaya ko akwai kiran irin wannan karatu a bana, domin ta ƙananan hukumomi da masu unguwanni irin wannan sanarwa take biyowa, ba ta rediyo kaɗai ba.

Ta nan ne kuma ake jin labarin kwas ɗin ungozomar karkara, na shekara biyu, wanda NMCN ke ba wa lasisinsa na daban. Matsayinsa bai kai na cikakkiyar ungozoma ba, an kuma tsara shi ne don ki yi aiki a yankinku, amma lasisi ne na gaskiya, ana kuma ɗorawa a kansa. Wanda ya san yawan matan da ake kwasowa daga ƙauyuka zuwa asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da yoyon fitsari tun 2008, ba zai raina ungozomar da ke kusa da gida ba.

Kwalejin kimiyyar lafiya ta Jahun, da takwararta ta Galtima Mai Kyari a Nguru, suna horar da jami'an lafiyar al'umma, waɗanda aka fi sani da CHEW, da masu aikin ɗakin gwaji da na magunguna da na tsaftar muhalli. Aiki ne mai daraja, su ne ma ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu. Amma ki shiga da idonki a buɗe: hukumarsu daban, lasisinsu daban, CHEW ba ta rikiɗewa ta zama nas don ta daɗe tana aiki. Su ma suna neman kiredit a darussan kimiyya. Idan aikin kike so, bismilla. Idan jinya ce a ranki, shekarar gyaran takarda ta fi miki shekara uku a kwas ɗin da za ki riƙa hange daga cikinsa.

Hanyoyin da ba sa kaiwa

Wani asibitin kuɗi zai ce ki zo ya koya miki aiki, ya ba ki farin kaya da takarda mai hatimi. NMCN ba ta san wannan takarda ba, gwamnati ba ta ɗaukar aiki da ita, ranar da allura ta yi gardama kuma ke za a kama. Haka sababbin makarantun kuɗi da ke tsirowa: kafin a biya, a duba sunan makarantar da kwas ɗin a jerin da hukumar ke wallafawa a shafinta. Idan aka ce miki amincewar tana hanya, ki ce za ki dawo idan ta iso. Ƙetare iyaka ma ba mafaka ba ce. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sayo digiri a Kwatano cikin mako shida don ya tona asirin harkar, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Wanda ma ya yi sahihin karatun jinya a Nijar ko Masar ko Indiya, sai ya bi ta horon daidaitawa da jarrabawar NMCN kafin ya taɓa majinyaci a nan, kuma za a nemi kiredit ɗin nan dai.

Takardu kuma a kula da su. Sunanki da ranar haihuwarki su zama iri ɗaya a NIN, da sakamako, da JAMB, da takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma. A'isha a nan, Aishatu a can, Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da ke a wajen tantancewa. Gyaran yana ɗaukar lokaci, a fara shi tun kafin rajista. Mu da ruwa ke shigo wa ɗaki, a ɗauki hoton kowace takarda a adana a imel, asalin kuma a sa a leda a ajiye a sama. Wanda ruwa ya riga ya ci satifiket ɗinsa na WAEC, tun 2022 hukumar ta buɗe hanyar samun kwafinsa ta intanet.

Idan Allah ya sa an samu gurbi, kada a saki jiki. Watannin farko su ne na tankaɗe: ilimin sassan jiki, yadda jiki ke aiki, tushen aikin jinya, duk da Turanci, duk da sauri, sannan jarrabawar da ke raba waɗanda za su ci gaba da waɗanda za su koma gida. Wadda ta sake zana Fiziks da guminta ta saba da zaman karatu na awa uku, wannan sabon ne zai riƙe ta a nan. Maganar kuɗi kuma, a nemi hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, a kuma duba ko makarantar na cikin waɗanda asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yake biya wa.

Saura ku, iyaye da mazajen aure. Abin da yarinyar nan take bukata a wurinku sananne ne: kuɗin rajista a kan lokaci, littafi uku ko huɗu, fitila mai caji, a ɗauke mata aikin safe daga Satumba zuwa Disamba, a kuma nema mata amintaccen gida a Haɗeja ko Dutse na makonnin jarrabawa. Baba, idan ka sayar da shinkafar rani, ka ware nata kason kafin a shiga hidimar taki.